Ƙungiyar Manoma da Rage Taki da Feshi a Fadamar Lolo

Ya ku manoman Lolo da Illo da sauran ƙauyukan bakin kogi na ƙasar Bagudo, ku ba ni aron kunnuwanku.

Tun daga 2015, da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a Birnin Kebbi, shinkafa ta zama abin tinƙaho a jiharmu. Tare da ita yuriya da kamfa da maganin feshi suka samu wurin zama a gidajenmu. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, kuɗin buhun taki ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya ji a jikinsa. To, rage waɗannan kaya abu ne mai yiwuwa, amma ba ga mutum ɗaya shi kaɗai ba.

Mu fara da yuriya. In ka watsa ta a kan ruwan fangali, fiye da rabin amfaninta kan bi iska da ruwa, shinkafa ba ta gan shi ba. Akwai dabarar dunƙula ta ƙanana-ƙanana, a cusa cikin laka tsakanin gindi huɗu, kamar mako guda bayan dashe, sau ɗaya tak a kakar noma. Sai dai tana son dashe a layi, tana son injin dunƙulawa, tana son hannuwa da yawa. Wa zai sayi inji don kadada ɗaya? Ƙungiyar gama kai za ta iya, kuma aikin cusawa gayya ce irin ta iyayenmu. Haka nan ƙungiya ce ke da bakin zama da arɗo a yi shawara: shanu su kwana a gonaki bayan girbi, su ci kara da tattaka, su bar kashi. Da can haka ake yi, kafin zargi ya shiga tsakani.

Feshi kuwa, yawancinsa tsoro ne. Ka hangi maƙwabci ya goya gwangwani, sai ka ce ƙwarinsa za su dawo gonarka, kai ma ka goya, alhali ba ka duba ko ganye ɗaya ba. A ƙasar Indonesiya an yi ta feshi har aka kashe gizo-gizo da sauran masu cinye ƙwarin shinkafa, ɓarna ta ƙaru. A 1986 gwamnatinsu ta hana amfani da magunguna 57 a gonakin shinkafa, daga baya aka kafa makarantun manoma a cikin gona, inda rukuni ke haɗuwa duk mako suna duba gindin shuka, suna ƙidaya mai ɓarna da mai cin mai ɓarna kafin a taɓa kwalba. Wannan ba ya bukatar ko sisi, sai fitowa da sassafe.

Mu da ke bakin iyaka muna da wata damuwa ta daban. Kaya na shiga da fita tsakaninmu da Madekali da Malanbil na ƙasar Binin, wata kwalbar ma rubutun Faransanci ne a jikinta, mai saye bai karanta ba, mai sayarwa ma haka. Maganin auduga ba na albasa ba ne, ba na wake ba. A kakar 1999 zuwa 2000 maganin auduga mai suna endosulfan ya yi sanadin mutuwar mutane a arewacin Binin. Mu ma da laifinmu: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda piya-piya da ake zuba masa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, in an ɗaure bakinsa da kyau, kuma sarinsa a ƙungiyance ya fi sauƙi.

Ku tuna ruwan da ya fita daga fangali kogi yake komawa, inda masunta ke jefa koma, inda yaranmu ke wanka.

A noman rani mai zuwa, kowace ƙungiya ta ware fangali biyu kusa da juna. Ɗaya a yi masa yadda aka saba, ɗaya a cusa masa dunƙule, a yi masa jiƙon 'ya'yan dogon yaro in ƙwari sun yi yawa. Magatakarda ya rubuta abin da aka kashe wa kowanne, ranar sussuka a auna a gaban kowa.