Gilashin da Ƙashi Ke Karɓa: Bayani ga Hakimai da Magatakardansu

An shirya wannan darasi ne domin Hakiman ƙasar Haɗeja da malaman ofisoshinsu, don su fahimci wata dabara ta gyaran ƙashi, su kuma san abin da ya rataya a wuyansu in an sami karaya a gundumarsu.

Inda Matsalar Take

Kowa ya sani karaya iri biyu ce. Akwai wadda fata ta rufe, ita ce maɗora suka saba da ita tun kaka da kakanni. Akwai kuma wadda ƙashi ya fasa fata ya fito, irin wadda haɗarin babur ko mota ke jawowa. Wannan ita ce mai hatsari, gama ƙwayoyin cuta sukan shiga har ɓargo, ƙashin ya yi ta zubar da mugunya wata da watanni. In abu ya kai haka, tilas likita ya kankare inda ya mutu, sai a bar gurbi. A al'ada, likita yakan ɗebo ƙashi daga ƙugun majinyacin ya cike gurbin, watau rauni ɗaya ya zama biyu, ga shi kuma abin da za a iya ɗebowa ba shi da yawa.

Asalin Gilashin

A shekarar 1967 wani kanar na sojan Amurka, wanda ya ga yadda ake yanke gaɓoɓin samari a yaƙin Biyetnam, ya tambayi wani masani mai suna Larry Hench ko zai iya ƙera abin da jiki ba zai ƙi ba. Dalilin tambayar kuwa shi ne, in an dasa ƙarfe ko roba, jiki yakan kewaye shi da tantani, ba su haɗuwa. A 1969, a Jami'ar Fulorida, Hench ya narka wani gilashi. Cikin kashi 100, 45 sinadarin rairayi ne, 24 da rabi na sodiyam irin wanda ke cikin kanwa, 24 da rabi na kalsiyam irin na farar ƙasa, sauran 6 na fosfaras irin na takin zamani. Da aka dasa shi a ƙashin cinyar ɓeraye, bayan mako 6 sai aka tarar ya manne da ƙashin gam.

Ga yadda abin ke faruwa. Da ruwan jiki ya taɓa gilashin sai bayansa ya soma narkewa a hankali, kalsiyam da fosfaras su taru a kansa, su yi ɓawo mai kama da sinadarin ƙashi. Jiki sai ya ɗauke shi nasa ne, sabon ƙashi ya yi ta tsirowa a kai. A 1985 aka ba da izinin amfani da shi a Amurka wajen musanya ƙananan ƙasusuwan cikin kunne.

Amma gilashi, ko wane iri ne, mai saurin fashewa ne. Saboda haka a 1982 Tadashi Kokubo na Jami'ar Kiyoto a Japan ya sake gasa wani irinsa har ya koma kamar tangaran mai ƙarfi, aka yi ta gyaran ƙashin baya da shi. A Turku ta ƙasar Finlan kuma an samar da wani mai kama da tsakuwa, wanda ake cusawa a gurbin ƙashin da ya ruɓe, domin yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Duk da haka ba ya maye gurbin ƙarfe a karayar cinya ko ƙwauri, ba ya kuma rayar da ƙafar da ta riga ta mutu.

Abin da Ake Bukata Daga Hakimai

Yawancin irin wannan gurbi jinkiri ne ke haifar da shi. A ƙauyukan fadama na Guri, Kiri Kasamma da Auyo, inda ambaliya kan yanke hanya da damina kamar yadda aka gani a 2022, jinkiri ya fi sauƙin aukuwa. Don haka ana roƙon kowane Hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni da maɗoran ƙasarsa, ya bayyana musu waɗannan abubuwa:

1. Duk karayar da ƙashi ya fito, ko take da buɗaɗɗen rauni, a rufe ta da tsabtataccen ƙyalle, a kai mai ita Babban Asibitin Haɗeja a ranar. Kada a zuba toka ko garin magani a ciki.

2. Kada a tsananta ɗaurin karan ɗori. In yatsu suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko suka soma baƙi, a kwance nan take a tafi asibiti, domin jini ya daina zuwa.

3. In likita ya tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, a taimaka wa danginsa su kai shi. Likita ne kaɗai zai faɗi abin da ya dace a cike gurbi da shi.

4. Tun kafin ruwa ya sauka, kowane dagaci ya san kwalekwale ko motar da za a nema in bukata ta taso.

Magatakarda kuma su riƙa rubuta ranar da aka ji rauni da ranar da aka isa asibiti, don Hakimi ya gane ƙauyen da ake yawan makara, ya nemi dalili. Allah ya kiyashe mu, amin.