Daga testing zuwa stable: abin da apt ba zai mayar maka ba

Aikina kula da sabobi da kwamfutocin ƙananan ma'aikatu ne, irin su makarantu masu zaman kansu da shagunan magani da ofisoshin da ba su da ma'aikacin fasaha na dindindin. Yawancin abin da nake ɗorawa Debian ne. Akwai buƙatar da ake yawan kawo mini, kullum da kama ɗaya: wani ya ɗora reshen testing ko sid saboda kwaɗayin sababbin manhajoji, abu ya fara ba shi ciwon kai, yanzu yana so a mayar masa da na'urar stable ba tare da an goge komai ba. Zatonsa a gyara layi ɗaya a fayil, a buga umarni, a tashi. Masu Debian da kansu sun faɗa ƙarara cewa ba su ɗauki alhakin saukowa daga sabon reshe zuwa tsoho ba, kuma suna da dalili.

Tun da Ian Murdock ya kafa Debian a 1993 har ta kai ga tsarin da take kai yau, hanyar da manhaja ke bi guda ce. Sabuwar siga tana fara sauka a unstable, wanda ake kira sid. In ta yi 'yan kwanaki ba a ga babban lahani a jikinta ba, sai ta gangara testing. Kusan duk shekara biyu ake daskarar da testing, a tsefe shi, a fitar da shi a matsayin stable. Haka bookworm, wato Debian 12, ya fito a watan Yunin 2023, trixie kuma, Debian 13, a watan Agustan 2025. Daga ranar da stable ya fito, sigogin manhajojinsa sun tsaya cak, gyaran tsaro da na manyan kurakurai kaɗai ke shiga. Sunayen duk daga fim ɗin Toy Story aka ɗauko su, kuma Sid shi ne yaron nan mai farfasa kayan wasa. Wanda ya ɗora shi a sabar da ake biyan albashi da ita ba zai ce ba a gaya masa ba.

Abu na farko da mutum zai gane shi ne apt, manhajar da ke saka kunshi a Debian, lamba yake kwatantawa. In sigar da ke kan na'urarka ta fi wadda ke rumbun girma, a wurinsa ka riga ka wuce, babu abin yi. Shi ya sa wanda ya sauya testing zuwa bookworm a fayil ɗin sources.list, ya buga apt update da apt upgrade, yake ganin komai lafiya, har ya yi hamdala. Alhali kuwa ya shiga hali mafi muni. Manhajojinsa na testing suna nan daram, sai dai yanzu ya yanke musu hanyar samun gyara, domin duk gyaran tsaron da bookworm zai fitar lambarsa ƙasa take da wadda ke kansa, apt ba zai ɗauka ba. Na sha tarar da na'urori da suka yi watanni a haka, mai su yana ganin yana kan stable.

Dubi abin da ya faru a ƙarshen Maris na 2024, lokacin da Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa a xz, sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Gurɓatacciyar sigar ta shiga sid da testing, ba ta kai bookworm ba saboda shi yana kan tsohuwar 5.4.1. Da Debian ta tashi ceto mutanenta, sai da ta ɗauki tsohuwar siga ta liƙa mata lambar 5.6.1+really5.4.5, don apt ya ɗauka ci gaba ne ya yarda ya saka. Masu tsarin da kansu dabara suka yi masa kan kunshi ɗaya tak. Kai kuma kana son yin haka ga kunshi dubu ɗaya ko biyu a dare guda.

Akwai hanyar tilasta shi, ba zan ɓoye ba. A cikin /etc/apt/preferences.d ana rubuta ɗan fayil a ba reshen da ake so fifiko mai lamba 1001, domin a ƙa'idar apt fifikon da ya kai 1000 yana halatta saukowa. Daga nan sai apt full-upgrade. Duk wanda zai gwada, ya fara sa -s a umarnin, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba, ya zauna ya karanta jerin abin da za a cire. Sau da yawa karatun nan kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa.

Matsalar tana cikin kunshin kansa. Kowane kunshi yana tafe da ƙananan rubutattun umarni da ke gudana kafin saka shi da bayan sakawa: su sauya tsarin fayil ɗin saiti, su matsar da abu daga wannan wuri zuwa wancan, su ƙirƙiri mai amfani. Masu kula da kunshin sun rubuta su ne don tafiya gaba, kuma a wannan fuskar ake gwada su. Babu wanda ya zauna ya rubuta na dawowa. Sannan ga glibc, laburaren da kusan kowace manhaja ke jingine da shi. Bookworm yana da 2.36, trixie yana da 2.41. Manhajar da aka gina kan sabon ba lallai ta tashi kan tsohon ba, kuma dpkg da apt da bash, kayan aikin da kake saukowar da su, duk a kansa suke tsaye. In aikin ya katse a tsakiya, kana iya samun na'urar da ko ls ba za ta iya gudanarwa ba. Tsakanin waɗannan rassa biyu ma akwai ƙarin ƙulli: a 2024 Debian ta sauya yadda ake ƙidayar lokaci don kauce wa matsalar shekarar 2038, aka sake wa laburare masu yawa suna da ƙarin t64 a ƙarshe, libssl3 ya koma libssl3t64. Mai saukowa dole ya warware wannan duka da hannu.

A ƙasarmu kuma katsewar ba zato ba ce. Ana ɗauke wuta, batirin inbata ya gaji, data ta ƙare ana tsakiyar sauke kunshi. Ba na fara irin wannan aiki a sabar da ba ta da abin riƙe wuta, kuma nakan sauke dukkan kunshin tukuna da --download-only kafin a taɓa komai.

Amma duk wannan ƙaramar matsala ce in aka gwada da ta bayanai. Manhaja ana iya cire ta a saka wata. Abin da sabuwar siga ta riga ta yi wa bayananka kuwa, gero ne da aka niƙa, ba ya komawa tsaba.

A farkon 2025, lokacin trixie yana testing, aka kira ni wata makaranta. Wani matashi mai ƙwazo ya haɗa musu sabar rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa a kan testing, daga baya ya sami aiki a wani gari. Wanda ya gaje shi ya karanta dabarar 1001 ɗin nan, ya yi, kuma abin mamaki na'urar ta tashi. Sai da aka buɗe manhajar makarantar aka ga fayau, babu ɗalibi ko ɗaya. Na tarar da shugaban makarantar tsaye a bayan yaron, ga iyaye ana sa ran za su zo karɓar sakamako ƙarshen mako.

"Injiniya, sun tafi ke nan?" ya ce.

"Ranka ya daɗe, bari in duba tukuna. Kada kowa ya sake buga komai."

Ba su tafi ba. Debian tana ajiye bayanan PostgreSQL, rumbun bayanan da manhajar makarantar ke amfani da shi, a babban fayil daban ga kowace siga. Nasu suna kwance a /var/lib/postgresql/17/main, ita kuwa siga ta 15 da bookworm ya zo da ita ta buɗe sabon rumbu fanko a gefe, kuma ba ta iya karanta na 17. Sai da na ɗauki kwafin faifan gaba ɗaya, na tayar da siga ta 17 a wata kwamfuta, na fitar da bayanan a rubuce da pg_dump. Ko a nan sai da ta yi gardama, domin a saman fayil ɗin akwai layin da ke saita transaction_timeout, abin da ya shigo a siga ta 17, ta 15 ba ta san shi ba. Na cire layin, bayanan suka shiga. Sa'arsu manhajar makarantar mai sauƙi ce, ba ta yi amfani da wani sabon abu na 17 ba. Da yaron ya buga apt purge a kan kunshin siga ta 17 ya amsa da eh, da labarin ya sha bamban.

Irin wannan yana faruwa a kan kwamfutar tebur ma, sai dai da sauƙi. Firefox tun siga ta 67 a 2019 yana ƙin buɗe bayanan mai amfani da sabuwar siga ta taɓa, sai ya ce ka ƙirƙiri sabo. Wanda ya sauko daga Firefox na sid zuwa na stable zai ga kamar alamomin shafukansa da kalmomin sirrinsa sun ɓace. Plasma 6 ta trixie tana sake rubuta saitin da ke cikin /home, in ka koma 5.27 ta bookworm sai ka ga fuskar kwamfutar ta hargitse.

To me nake ba mutane shawara? Ya danganta da na'urar da kuma lokacin.

In kwamfutar hannu ce, ba ta fuskantar intanet a matsayin sabar, kuma fitowar stable ta kusa, jira ya fi. A cire kalmar testing daga sources.list a rubuta sunan reshen. Wanda ya rubuta trixie a farkon 2025 bai yi komai ba, watan Agusta na zuwa ya wayi gari a kan stable. Wanda ya bar testing kuwa, ranar da trixie ya fito shi ya zarce forky, sabon testing, bai sani ba. Sai dai a san cewa tawagar tsaro ta Debian stable take kula da shi kai tsaye. Gyara yana isa testing ne ta hanyar sid, wani lokaci da jinkiri. Saboda haka ba na barin sabar da ke buɗe ga duniya ta zauna jira.

Ga sabar, sabon ɗori nake yi, kuma a ganina shi ne hanyar da ta fi gajarta ko da ta fi kama da wahala. Ina fitar da rumbun bayanai a rubuce tun sabuwar sigar tana aiki, ba kwafin fayilolinsa ba. Ina ɗaukar /etc domin dubawa, ba don in zuba shi kan sabon tsarin ba, fayil ɗaya ɗaya nake kwatantawa in ɗauki abin da ake bukata. Umarnin apt-mark showmanual yana ba ni jerin abin da aka saka da gangan. In akwai faifai na biyu, a kansa nake ɗora stable, tsohon in cire shi in ajiye a aljihun tebur har a yi makonni ana aiki lafiya. Abin da aka yi wa makarantar nan ke nan daga ƙarshe, domin na'urar da aka tilasta wa saukowa, ko ta tashi, ban yarda da ita ba.

Galibin waɗanda suka hau testing, in ka tambaye su, abu ɗaya ko biyu suke nema. Sabuwar laftof ce Wi-Fi ɗinta ya ƙi aiki da karnel 6.1 na bookworm, ko wata manhaja ce ake son sabuwar sigarta. Don wannan aka yi backports, rumbun Debian na hukuma da ke ɗauko zaɓaɓɓun manhajoji daga testing a sake gina su kan stable. Ka saka sabon karnel daga can, sauran tsarin yana nan yadda yake. Manhajojin tebur akwai Flatpak, masu rubuta manhaja kuma akwai Docker ko Podman. Abin da nake hanawa shi ne cakuɗa layin stable da na sid a fayil ɗaya don a ciro kunshi guda. Mutanen Debian suna kiran sakamakon FrankenDebian, kuma kunshin nan guda yakan jawo sabon glibc a bayansa, daga nan ka bar stable ke nan.

Masu Ubuntu su ma abin ya shafe su. Sigar LTS, irin 22.04 da 24.04, tana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu da tallafin shekara biyar, na tsakani kuwa wata tara ne. Wanda ya hau na tsakani ba shi da hanyar komawa LTS na baya, sai ya ci gaba da hawa har na gaba, ko ya sake ɗori.

Komawa baya ta gaskiya guda ce na sani, ita ce hoton faifai da aka ɗauka kafin a tashi. Btrfs da LVM suna yi cikin daƙiƙu, Timeshift yana sauƙaƙa wa mai kwamfutar tebur, Clonezilla a filasha yana kwafe faifan gaba ɗaya. Amma hoton yana mayar da kai ranar da aka ɗauke shi ne, da tsarin da duk bayanan da ke cikinsa, don haka amfaninsa na kwanakin farko ne. Bayan wata shida ana shigar da sakamakon ɗalibai, ya zama ihu bayan hari.

Wanda ya gaji sabar daga hannun wani, ya buɗe /etc/apt/sources.list da duk abin da ke cikin sources.list.d ya karanta da idonsa, sannan ya buga apt policy libc6 ya ga ko sigar da ke kansa ita ce ta rumbun da yake zato. In ya ga kalmar testing ko sid ko unstable, ya ɗauki kwafin bayanai kafin ya taɓa layin. In ma stable ya gani a rubuce, gara ya mayar da ita sunan reshen, bookworm ko trixie, domin ranar da sabon stable ya fito kalmar za ta koma nuni gare shi, apt kuma zai fara jan sabar zuwa can a ranar da babu wanda ya shirya mata.