Daga Yaron Mota Zuwa Direban Tirela: Matakan Samun Lasin Gaskiya

Yawancin direbobinmu hanya ɗaya suka bi. Yaro ya fara da wanke gilashi da ɗaure tamfol, ya koyi dirowa a guje ya cusa weji ƙarƙashin taya idan mota ta tsaya a hawa, har ranar da maigida zai gaji a Tafa ko Mararrabar Jos ya miƙo mukulli ya ce, "Zo ka gyara mata tsayuwa." A nan hannu yake faɗawa. Sai dai kamfani ba ya damƙa wa mutum motar miliyoyi sai da takarda, kuma a kan takardar nan ake yawan cutar 'yan'uwanmu. Ga yadda ake samun ta gaskiya a Najeriya.

Mataki na 1: San ajin da kake nema. Lasin tuƙi aji-aji ne. B na ƙaramar motar gida ne. Babbar motar da ba ta rabuwa, irin su tifa, D take buƙata. Tirela da tanka kuwa, masu kai daban bodi daban, sai aji G. Mai shekara 18 yana iya samun lasin motar gida, amma na haya, irin wanda kake nema, sai ka cika 26. Ka duba katin NIN ɗinka tun yanzu. Idan suna ko ranar haihuwa sun saɓa da sauran takardunka, gyara su kafin ka kashe ko sisi.

Mataki na 2: Shiga makarantar tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita. Na san abin da za ka ce: shekara bakwai kana bin mota daga Kano zuwa Apapa, me wani malami zai koya maka? Ka daure ka je. Da farko dai, lambar shaidar da makarantar za ta ba ka bayan darasi 26 ita ce mabuɗin cike fom ɗin sabon lasi. Na biyu, akwai abin da tasha ba ta koyarwa: karatun alamomin hanya, da dokar gudu, wadda ta tsayar wa tirela da tanka kilomita 60 a awa ko a kan tagwayen hanya, da dalilin da ya sa yawan taka birki a gangare yake ƙona shi har ya daina kamawa, alhali da ka sauke giya tun daga sama injin ne zai riƙe maka kayan. Ka tambaya ko makarantar tana da babbar motar koyo, don ba kowace makaranta ke da ita ba. Cibiyar NITT da ke Zariya tana cikin wuraren da ke horar da direbobin manyan motoci.

Mataki na 3: Gwajin lafiya. A asibitin gwamnati ake yi, a ba ka takarda. Kada ka ɓoye matsalar ido ko hawan jini. Tabarau ba ya hana mutum tuƙi, amma wanda ba ya gani da dare yana ɗauke da ran duk wanda ya haɗu da shi. Ka karɓo kuma shaidar ƙungiyarka ta direbobi, kamar NURTW ko RTEAN.

Mataki na 4: Jarabawar jami'an duba motoci na VIO. Su za su gwada ka a kan doka da kan sitiyari. Ka fi ba ribas ƙarfi a atisaye, domin bodin tirela yana karkata ne saɓanin inda ka murɗa, kuma madubi kaɗai ne idonka.

Mataki na 5: Fom, biya da ɗaukar hoto. Cike fom a shafin intanet na lasin tuƙi na ƙasa, ka zaɓi na shekara 3 ko 5, ka biya kuɗin da shafin ya nuna ta banki, ka adana rasit. Kai takardun cibiyar lasi, jami'in hukumar haraji ta jiha da na VIO su sa hannu, sannan ka zauna gaban kyamarar 'yan FRSC a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Za a ba ka lasin wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito.

Wannan zaman gaban kyamara ba a yi wa mutum wakilci a kansa. Wani ƙanena ya ba wani dillali a tasha kuɗi da fasfo biyu, bayan kwana uku aka kawo masa kati mai sheƙi. Shekara biyu yana yawo da shi a aljihu. Ranar da ya je neman aiki wani kamfanin dakon kaya, aka buga lambar a kwamfuta, babu sunansa. Ya dawo gida ya zauna bakin tabarma, katin a hannu yana jujjuya shi, ko abinci bai taɓa ba. Duk wanda ya ce maka kawo hoto kawai ka koma gida, ɗauki kuɗinka ka bar wurin.

Mataki na 6: Karɓi katin ka tantance. A ofishin hukumar haraji ake karɓa. Kafin ka fita, karanta sunanka harafi-harafi, ka tabbata G aka buga, sannan ka sa lambar a shafin ka ga ta fito da bayananka. Rubuta ranar ƙarewarsa a inda za ka riƙa gani, ka fara sabuntawa tun da sauran wata guda.