DARASINMU NA WANNAN WATA: DUWATSU MASU DARAJA

Allah Ya albarkaci ƙasar Jihar Kaduna da duwatsu masu daraja. Tun farkon shekarun 1980 ake haƙo shuɗin yakutu, wanda 'yan kasuwa ke kira safaya, a Nisama da ke ƙasar Jama'a. A Gwantu kuma ana samun zumurrudu da akwamarin. Wajen 1998 aka gano jan tomalin a Jihar Oyo, wajen 2014 kuma safayar Mambila ta Jihar Taraba ta yi suna a duniya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wani ya shigo kasuwar Tudun Wada Zariya da dutse a ƙulle cikin tsumma yana neman mai saye. A nan ne marar sani ke asara, ko ya sayi kwalba da kuɗin amfanin gonarsa, ko ya sayar da dukiya a kan kuɗin goro.

Awo

Da karat ake auna waɗannan duwatsu. Karat 5 su ne giram 1. Ke nan dutse mai giram 3 karat 15 ne. Wanda bai san wannan lissafi ba, sai a saya a hannunsa da giram, a sayar da karat, riba ta tafi wurin wani. Ya kamata mai dutse ya karanta sikeli da idonsa, ya rubuta nauyin a takarda.

Gane na gaske

A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera duwatsu bisa taurinsu, daga 1 zuwa 10. Daimon ne na 10, yakutu na 9, zumurrudu da akwamarin tsakanin 7 da rabi zuwa 8, ƙanƙarar dutse na 7. Kwalba ba ta kai 6 ba. Mai tauri shi ke karce marar tauri. Don haka abin da ya kasa karce kwalba ba yakutu ba ne. Amma karce kwalba bai isa shaida ba, domin ƙanƙarar dutse ma tana yin haka. Idan aka haska tocila aka ga 'yan kumfa kewayayyu a ciki, galibi kwalba ce. Har ila yau, tun 1902 ake haɗa yakutu a masana'anta, kuma taurinsa ɗaya da na ƙasa. Wannan sai masani mai na'ura ke iya rarrabewa. Daga Tudun Wada zuwa Samaru ba nisa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin duwatsu da ma'adinai. Matambayi ba ya ɓata.

Daraja

Abubuwa huɗu ke sa wa dutse kuɗi: launi, tsabtar cikinsa, kyan yanka da nauyi. Ƙaramin dutse garau mai kyan launi ya fi babba mai tsaga. Kada a fasa dutse da guduma don a ga cikinsa. Tsagar da ta shiga ba ta fita.

Yanka

Mai yanka yakan goge dutse a kan faifai mai garin daimon, ya fitar masa da fuskoki don ya riƙa walƙiya. Wajen wannan aiki sau da yawa kashi biyu cikin uku na nauyin yakan tafi. Dutse mai karat 15 zai iya komawa karat 5, amma kuɗinsa yakan ƙaru. Yawancin duwatsun Nijeriya ɗanye ake fitar da su zuwa Bankok ta Tailan, da Jaifur ta Indiya, da Jamus, ribar yanka ta zauna can. A Jos akwai cibiyar gwamnati ta koyar da aikin ma'adinai, inda matasa za su iya koyon wannan sana'a.

Ajiya

A naɗe kowane dutse shi kaɗai cikin auduga, don kada mai tauri ya karce ɗan'uwansa. A rubuta sunansa, da nauyinsa, da inda aka samo shi.

Doka

Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinan da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ko da a gonar mutum suke. Haƙa da saye duka sai da lasisi. Ƙananan mahaƙa sukan haɗu su kafa ƙungiyar gama kai, su nemi izini tare. Ramin da aka haƙa ba tokari yakan rufta da mutane, musamman da damina, kuma ramin da ba a cike ba yakan kashe gona, ya halaka dabbobi.

Aikin aji

1. Karat nawa ne a cikin giram 7?
2. Dutse mai karat 24 ya rasa kashi biyu cikin uku wajen yanka. Karat nawa ya rage?
3. Me ya sa karce kwalba bai isa shaida ba?
4. Rubuta abubuwa huɗu da ke sa wa dutse kuɗi.