Yadda Ake Gano Bayani Cikin Sauƙi a Shafin Hukumar JAMB da Wayar Hannu

Duk lokacin da aka buɗe rajistar jarrabawar UTME, ɗalibai kan yi ta yawo a intanet suna neman manhajar darussa, ranar rufe rajista ko sharuɗɗan shiga jami'a. Da yawa suna ƙarewa a shafukan da suka kwafi labari ba daidai ba, wasu ma a shafukan 'yan damfara. Alhali bayanin na nan a shafin hukumar. Ga hanyoyin da za su taimaka, kuma suna aiki a shafin kowace hukumar gwamnati.

1. A fara duba adireshi

Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya suna ƙarewa da .gov.ng, kuma hukumar NITDA ce ke kula da bayar da wannan suna. Na JAMB shi ne jamb.gov.ng. Abin lura shi ne ƙarshen adireshin kafin alamar / ta farko. Idan aka ga jamb.gov.ng sannan wani suna ya biyo baya da .com, to ba shafin JAMB ba ne. Alamar kwaɗo a gefen adireshi ba ta nufin shafin na gaskiya ne, domin shafin bogi ma yana iya samun ta.

2. A sa Google ya bincika shafin kaɗai

Akwatin bincike na shafukan gwamnati sau da yawa ba ya kawo abin da ake so. Maimakon haka, ɗalibi ya buɗe Google ya rubuta site:jamb.gov.ng syllabus, ba tare da barin tazara bayan ɗigo biyun ba. Sakamakon zai fito daga shafin hukumar ne kawai.

3. A nemi takardun PDF

Yawancin sanarwa da jadawalai ana ɗora su ne a matsayin PDF, ciki har da mujallar JAMBulletin da ke fita duk mako. Ƙara filetype:pdf a bayan binciken zai fito da su kai tsaye.

4. A yi amfani da kalmomin hukumar

Shafin da Turanci yake, don haka a rubuta kalmar da hukumar ke amfani da ita, kamar Direct Entry ko CAPS. Sanya kalmomi biyu cikin alamar zance, wato "Direct Entry", zai sa Google ya nemo su a jere.

5. A kula da kwanan wata

Sanarwar bara tana iya fitowa a sama, kuma kuɗin rajista da ranakun jarrabawa suna iya canzawa daga shekara zuwa shekara. Ƙara after:2025-01-01 zai rage tsofaffin sakamako. Duk da haka, a karanta kwanan watan da ke jikin takardar kanta.

6. A bincika cikin shafin

Idan shafi ya yi tsawo, a taɓa ɗigo uku da ke saman Chrome, a zaɓi Find in page, sannan a rubuta sunan kwas ko jami'a.

Duk wanda ya ga wata sanarwa a WhatsApp ko Facebook, ya tabbatar da ita ta waɗannan hanyoyi kafin ya biya ko sisi, ko ya ba da lambarsa ta NIN.