Amsoshin Tambayoyinku: Mene ne 1:72, kuma sai da kayan waje ake ƙera ƙaramin jirgi?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Zariya, tun ina ƙarami nake ƙera jiragen sama da kara da kwali da gwangwani. Kwanan baya na ga hotunan wasu ƙananan jirage da Turawa ke haɗawa, kai ka ce na gaske ne aka matse. A jikin kwalayensu an rubuta 1:72 ko 1:48. Me waɗannan lambobi ke nufi? Shin dole sai na sayo irin kayan nan daga waje kafin nawa ya yi kama da na gaske? Sannan wane irin littafi ya kamata in karanta? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Amin summa amin, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, musamman da ka haɗa da zancen karatu, domin a nan ne aikin yake.

Lambobin nan ma'auni ne. Idan aka rubuta 1:72, ana nufin kowane santimita ɗaya a jikin ƙaramin jirgin yana madadin santimita 72 a jikin babban. Tsawo an rage shi sau 72, faɗin fiffike sau 72, girman taya sau 72, ba a bar komai ba. Dalilin zaɓen 72 kuwa daga awon Ingilishi ya fito: ƙafa shida inci 72 ce, saboda haka mutum mai tsawon ƙafa shida zai koma inci ɗaya cif. Ɗauki Spitfire, jirgin yaƙin Ingila da ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin mita 11.23 ne, wato santimita 1,123. Raba shi gida 72, ka sami santimita 15.6, abin da zai zauna a tafin hannunka. A ma'aunin 1:48 kuma zai kai santimita 23.4. Ka lura, ƙaramar lamba ita ke ba da babban jirgi. Shi ya sa masu son jiragen fasinja suka fi riƙe 1:144, don Boeing 747-400 mai tsawon mita 70.6 zai kusa cika mita guda a 1:72, a ɗakin ɗalibi kuwa ba shi da wurin kwana. A 1:144 santimita 49 ne.

Shawarata ka zaɓi ma'auni ɗaya ka dawwama a kansa, kuma 1:72 ya fi dacewa da mai farawa. Ranar da ka jera jirage uku ko huɗu a kan kanta ɗaya, duk da awo ɗaya, idonka zai ga bambancin girmansu na gaskiya, abin da hoto ba ya iya nuna maka.

Tambayarka ta biyu tarihin sana'ar ne zai amsa ta. Ƙananan jirage na 1:72 da aka fara sayarwa a Ingila a 1932 da sunan Skybirds, na katako ne, mai saye shi ke ƙarasa gyaransu da goge su. Sai a 1936 kamfanin FROG ya fito da na roba, Airfix kuma bai fitar da jirginsa na farko, Spitfire, ba sai a shekarun 1950. A 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 a kan wannan ma'auni na 1:72, don a koya wa sojoji bambance jirgin gida da na abokan gaba tun daga nesa. Yaran nan katako aka ba su da zanen awo, suka shafe jiragen da baƙin fenti. Abin da ya sa aikinsu ya yi amfani shi ne siffar ta fita daidai.

Saboda haka ba dole ba ne. Kwalin kayan haɗi na Airfix ko Tamiya ko Revell yana rage wahala, kuma idan wani ɗan'uwa zai dawo daga tafiya, ba laifi ka roƙe shi ya riƙo maka ɗaya mai sauƙin sassa, ko don ka ga yadda aka rarraba jirgin. Amma a cikin masu wannan sha'awa, wanda ya ƙera nasa tun daga tushe ba tare da kwali ba, shi ake wa kallon gwani. Kai da ka taso kana fere ɓargon kara kana lanƙwasa gwangwani, hannunka ya riga ya faɗa. Abin da ya rage maka rula ce da hujja.

Da hujja nake nufin karatu. Yawancin jiragen da matasanmu ke ƙerawa suna da kyau, sai dai in ka tambayi mai shi wane jirgi ne, zai ce maka jirgin sama ne kawai. Hancin na wannan ne, bindin na wancan, tagogin kuma yadda suka zo a rai. Mai aikin ma'auni ba haka yake yi ba. Jirgi ɗaya tak yake zaɓa, mai lamba kaza, na runduna ko kamfani kaza, a shekara kaza. Dalili kuwa shi ne suna ɗaya kan rufe jirage masu yawa. Spitfire ɗin nan an yi ta sake masa fasali har zuwa samfuri na 24. Na farkon farfelarsa ganye biyu ce ta katako, samfuri na 9 ganye huɗu, na 14 ganye biyar da wani injin dabam da hanci mai tsawo. Wanda ya sa farfelar wannan a jikin wancan, ya ƙera jirgin da bai taɓa tashi a duniya ba.

Bari in ba ka misali na kusa da gida, wanda da ni ne kai da shi zan fara. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Ƙirar DH.9A ne: fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, kujeru biyu a buɗe ba rufi, injin Liberty mai ƙarfin doki 400. Faɗin fiffikensa kimanin mita 14 ne, wato kusan santimita 19.5 a 1:72. Wannan jirgi ya dace da mai aiki da hannu, domin jikinsa kusan duk miƙaƙƙun layuka ne, asalinsa ma katako ne da yadi da waya. Da kwali mai ƙwari za ka yanke fukafukai, tsinken sakace ya zama sandunan da ke tsakaninsu, siririn zare ya zama wayoyin da suka gicciya.

To a nan ne littafi zai shigo. Zanen awo zai ba ka siffar DH.9A yadda ya fito daga masana'anta. Amma waɗanda suka yi aiki a ƙasashe masu zafi, irin su Iraƙi, an sha ƙara musu wani lagireto a ƙarƙashin hanci don sanyaya inji, wasu har da safayar taya ɗaure a jiki, saboda in taya ta fashe a tsakiyar hamada babu mai kawo ɗauki. Kafin ka manna ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ka nemi hoton ainihin jiragen da suka zo Kano ka ƙura masa ido: akwai ko babu, a wane gefe, wace lamba ce a bindi. Haka zancen yake ga jiragen Hurricane da aka riƙa haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana tun daga Satumban 1940, suna biyowa ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. Na hamada ana sa musu wata babbar matatar iska a ƙarƙashin hanci saboda rairayi, tana ba su wani haɓa da na Ingila ba su da shi.

Abubuwan karatun iri uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Na farko littafin awo da adadi. Uban gidansu shi ne Jane's All the World's Aircraft, wanda Fred Jane ya fara fitarwa a 1909, ana kuma sabunta shi shekara bayan shekara. A ciki za ka sami tsawo, faɗi, tsayi, irin inji, sau da yawa da ƙaramin zane mai nuna jirgin ta gaba, ta gefe da ta sama. Sabonsa tsada gare shi, amma tsohon bugu bai rage komai ba ga mai ƙera tsohon jirgi, saboda haka ka leƙa laburaren jami'a da wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. Na biyu ƙananan littattafai da kowanne ya keɓe jirgi ɗaya, kamar jerin In Action da Walk Around na Squadron/Signal, ko na kamfanin Osprey. Su ne ke kai ka cikin ɗakin matuƙi da ramin taya. Na uku littattafan tarihi masu tsofaffin hotuna. Ga mai son jiragen da suka yi aiki a ƙasarmu, akwai Shadows na Michael Draper a kan jiragen zamanin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, da African MiGs wanda Tom Cooper ya rubuta tare da abokan aikinsa.

Idan suka saɓa wa juna, hoton da aka ɗauka a lokacin shi ne alƙali. Zanen launi mai ƙayatarwa da ke tsakiyar littafi fahimtar mai zane ce, wani lokaci ma daga wani mai zanen ya kwafo, kuskure ya yi ta yawo daga bugu zuwa bugu. Jirgin da ke gidan tarihi kuma an sake masa fenti, ba lallai da launinsa na asali ba. Shi kansa hoton sai an karanta shi da hankali. Wani tsohon fim na baƙi da fari yana mai da rawaya da ja su yi duhu, shuɗi kuma ya yi haske, har mutum ya rantse zoben da ke kewaye da tambari baƙi ne alhali rawaya ne. Shi ya sa masana ke komawa ga lambobin launi na hukuma, irin FS 595 na Amurka da BS 381C na Ingila. Abin da ka gani a intanet kuma, kada ka gina aiki a kansa sai ka same shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Ka buɗe littafin rubutu na musamman, kowane awo ka rubuta inda ka samo shi.

Zanen da ka samu da wuya ya zo daidai da ma'auninka. Auna faɗin fiffike a kan takardar, ka kwatanta da wanda lissafinka ya ba ka, sannan ka je wajen masu hoton takarda su ƙara ko su rage. In zanen ya nuna santimita 13 kai kuma 19.5 kake nema, ka ce a buga maka a kashi 150 cikin ɗari. Da an miƙo maka, sa rula ka sake aunawa tun kana tsaye a shagon.

Game da aikin hannu, kayan da kake bukata ba su da yawa: reza, samfefa mai laushi, hantsaki, ƙaramin burushi, da robar ɗaure kuɗi don riƙe sassa har gam ya kama. Kowane sashe ka gwada shi a mazauninsa kafin ka shafa gam. In kayan roba ne, gam ɗinsu narkar da robar yake yi ya haɗe ta, don haka ɗigo kaɗan ya isa. Kada sufa gulu ya kusanci gilashin ɗakin matuƙi, tururinsa yana bar masa farin hazo da ba ya gogewa. Farin gam na kafintoci shi ya dace da wurin. Jirgi mai taya a hanci, irin Alpha Jet na sojan samanmu, sai ka ɓoye 'yar dalma a cikin hancin kafin ka rufe jikin, in ba haka ba zai zauna a kan bindinsa. Fenti kuma ka tsinka shi, ka shafa sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, maimakon shafi ɗaya mai kauri da zai cike layukan jiki.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. A lokacin hunturu ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti kafin ka ajiye burushi, saboda haka ka yayyafa ruwa a ɗakin, ka yi fenti da sassafe, ka kife roba mai tsabta a kan jirgin har ya bushe. Da bazara kada ka bar shi a bakin taga ko cikin mota, zafi yana lanƙwasa fiffiken roba kuma ba ya komawa daidai. Sannan in sha'awa ta kai ka kusa da filin jirgi, ko Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke nan garinku tun 1964, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai ka nemi izini, musamman inda sojoji suke. Ka gabatar da kanka, ka nuna musu abin da ka ƙera da littafin awonka, ka tambaya ko akwai ranar da ake barin ɗalibai su shiga.