Darasi: Wardin Dimashƙa, Tarihinsa da Yadda Ake Renonsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya fitar da tsirrai iri-iri daga ƙasa guda. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa ɗalibai, da yawanku kun sha ganin kwalbar turaren wardi cikin tsarabar alhazai, amma ƙalilan ne suka san itacen da ake samunsa. Shi ne darasinmu na yau, kuma a ƙarshensa akwai gargaɗin da bai kamata ya wuce ku ba.

Asalinsa

Wardi kalmar Larabci ce, ta zo ma a Suratur Rahman, aya ta 37, inda aka kwatanta jan da sama za ta yi ranar Alƙiyama. Irinsa yana da yawa, amma wanda ya yi fice a ƙanshi shi ne mai sunan birnin Dimashƙa na ƙasar Sham. A shekarar 2000 wasu masana a Japan suka binciki ƙwayoyin halittarsa, suka gano cewa barbarar irin wardi uku ce ta haife shi.

Musulmi suna da hannu babba a tarihinsa. Al-Kindi, malamin Bagadaza wanda ya rasu wajen shekarar 873, ya rubuta littafi kan haɗa turare da tace shi ta hanyar tururi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓo Ƙudus a 1187, da ruwan wardi aka wanke Ƙubbatus Sakhra. A yau ana nomansa a Isparta ta Turkiyya, da Kashan ta Iran, da Kazanlak ta Bulgeriya, da kuma Ɗa'ifa.

Kun tuna Ɗa'ifa? Garin da Manzon Allah (S.A.W.) ya je kira aka jefe shi da duwatsu, ya yi haƙuri bai yi musu mummunar addu'a ba. To, ruwan wardin garin nan ne ake haɗawa da Zamzam a wanke cikin Ka'aba. A 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun noman wardin Ɗa'ifa cikin kayan gadon duniya.

Siffofinsa a lambu

Ba bishiya ba ce, ƙaramin itace ne mai yawan rassa kamar lalle, tsawonsa yakan kai mita 2. Jikinsa duk ƙaya. Furensa ja ne mai haske, irin na Ɗa'ifa kuwa yana da ɓawon fure wajen 30. Sau ɗaya yake fure a shekara, a Ɗa'ifa a watannin Maris da Afrilu, shi ke nan sai baɗi. Da sassafe ake tsinkarsa, domin da rana ta ɗaga ƙanshin sai ya bi iska. A zuba a tukunyar tagulla da ruwa, a hura wuta, a tare tururin ya huce. Mai ya taso sama, ruwan wardi ya zauna ƙasa. Sai an tara kilo 3,000 zuwa 4,000 na fure kafin a sami kilo 1 na mai. Ka ji dalilin tsadarsa.

Mu mutanen Kudan da Hunƙuyi da Maƙarfi, dashensa ba zai ba mu mamaki ba, domin da reshe ake dasa shi, kamar yadda iyayenmu ke dasa rake da rogo. Amma fa halinsa ba irin na rake ba ne. Rake na son fadama, shi kuwa in ruwa ya kwanta a gindinsa saiwar ruɓewa take yi. Yana son jigawa mai taki ruɓaɓɓe, da aski bayan ya gama fure. Kuma ɗan sanyi ne: Ɗa'ifa a kan duwatsu take, tudun da ya haura mita 1,800. Saboda haka wanda ya sami reshe a nan, ya dasa inda hantsi zai same shi, inuwa ta kare shi daga zafin azahar na bazara, ya yi masa shinge saboda awaki, ya lura da gara.

Gargaɗi

Wata magana tana yawo a bakin mutane, har wasu masu tallar turare kan ja ta, wai an halicci wardi daga gumin Annabi (S.A.W.) a daren Mi'iraji. Ku sani wannan ba hadisi ba ne. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597 bayan Hijira, ya kawo shi cikin littafinsa na hadisan ƙarya, Al-Maudu'at, Imamu Nawawi ma ya ce bai inganta ba. Abin da ya tabbata a Bukhari shi ne Annabi ba ya mayar da kyautar turare. Wannan ya ishe mu. Daɗin magana ba ya mayar da ita gaskiya, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito narkon wuta ga wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan. In ka ji babba ya faɗa, kada ka ƙaryata shi cikin jama'a, ka same shi a gefe, cikin ladabi ka ce, "Baba, ga abin da aka koya mana a makaranta."

Tambayoyi

1. Me ya sa ake tsinkar furen wardi da sassafe?
2. Kawo bambanci ɗaya tsakanin dashen wardi da na rake.
3. Waɗanne malamai biyu ne suka yi magana kan hadisin gumi?

A kawo amsa ranar Asabar in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kiyaye harsunanmu. Wassalamu alaikum.